Kada a Raba Mai Ciwon Ƙoda da Wake da Ganye

Shekara biyu da suka wuce aka sallami kawuna daga wani asibiti, bayan an tabbatar masa cewa hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ya taɓa masa ƙoda. Tare da takardar magani aka miƙa wa matarsa wata takarda ta biyu, wadda aka jera abubuwan da aka hana shi ci: wake, gyaɗa, ganye kowane iri, tumatir, ayaba, lemo, doya, dankali, madara da nama. Da aka gama karanta mata sai ta ce, "To likita, me ya rage zai ci?" Aka ce da ita farar shinkafa da burodi ba su da laifi. Wata huɗu ya yi a kan shinkafa da burodi da shayi, har ya rame, ƙarfinsa ya ragu, taurin bayan gida ya dame shi, abinci kuma ya fita daga ransa gaba ɗaya. Sai da muka kai shi wurin wani likitan ƙoda a wani gari, wanda ya zauna ya duba sakamakon gwajin jininsa, ya ga sinadarin fotasiyam ɗinsa bai taɓa haura ƙa'ida ba, sannan ya ce, "Baba, ka koma cin wakenka da miyar ganyenka, amma a auna, kuma a cire dunƙule da kanwa daga tukunyarka."

Tun daga lokacin nake bibiyar wannan magana, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne cewa takardar hani irin wadda aka ba kawuna, idan an bayar da ita ba tare da duba jinin mutum ba, cutarwarta ta fi amfaninta. Mafi yawan masu ciwon ƙoda da ba su kai ga wankin ƙoda da na'ura ba sun fi dacewa da abincin da galibinsa daga tsiro ya fito, wato hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace, tare da ɗan nama ko kifi ko ƙwai kaɗan. Mu Hausawa kuwa ba mu da buƙatar aro wannan tsari daga ko'ina, domin shi ne tukunyar da kakanninmu suka bar mana.

Dalilin yana cikin aikin ƙodar kanta. Ƙoda matata ce da ke tace jini dare da rana, tana fitar da dattin da jiki ya tara ta hanyar fitsari, tana kuma daidaita ruwa da gishiri da asid. Likitoci suna auna ƙarfin tacewarta da lamba. Idan lambar ta zauna ƙasa da 60 har tsawon wata uku, an shiga ciwon ƙoda mai daɗewa a mataki na uku, idan kuma ta faɗi ƙasa da 15 an kai mataki na biyar, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ne abincin da ya fi barin datti ga ƙoda. Kowane irin furotin yana barin nasa, amma na dabba ya fi tara asid a jini, kuma cin nama mai yawa a zama ɗaya yana ƙara matsin jini a cikin ƙananan matatun ƙodar, waɗanda da ma sun ragu kuma kowace tana ɗauke da kayan 'yan'uwanta da suka mutu. Ganye da 'ya'yan itace kuwa akasin haka suke yi, suna rage asid ɗin.

Akwai kuma maganar fosfaras, sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda har ya raunana ƙashi, ya sa jijiyoyin jini su yi tauri, ya kawo ƙaiƙayin da masu wanki suka sani sarai. Da shi aka daɗe ana tsorata mutane daga wake da gyaɗa, domin idan aka duba a takarda suna ɗauke da shi da yawa. Abin da takardar ba ta nunawa shi ne cewa fosfaras ɗin tsiro a ɗaure yake da wani sinadari da hanjin ɗan Adam ba ya iya warwarewa sosai, don haka abin da ke shiga jini bai kai rabi ba. Na nama da madara ya fi haka shiga. Wanda kamfanoni ke ƙarawa cikin baƙin lemon kwalba da naman gwangwani da sauran abincin leda kuwa kusan gaba ɗayansa jiki ke zuƙewa. A 2011 likita Sharon Moe da abokan aikinta a jihar Indiyana ta Amurka sun gwada haka a kan wasu masu ciwon ƙoda 'yan kaɗan: suka ba su abincin tsiro na mako guda da abincin nama na mako guda, da furotin da fosfaras daidai wa daida, sai aka samu fosfaras ɗin jininsu ya fi sauka a makon tsiro. Ke nan mutumin da aka hana wake amma aka bar shi da lemon kwalba a gefen gado, an tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, an bar wadda yake bi a buɗe.

Ba zan ɓoye cewa hujjojin ba su kai ƙarfin da masu zumuɗi ke faɗa ba. Babban binciken da aka yi a Amurka kan rage furotin ga masu ciwon ƙoda, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994 bayan an bi mutum 840, bai ba da amsa mai yanke gardama ba, kuma har yau likitoci suna jayayya kan fassararsa. Binciken da ya biyo baya galibinsa ƙanana ne. Duk da haka alƙiblarsu ɗaya ce. A jihar Tekzas, likitoci Nimrit Goraya da Donald Wesson sun bi masu ciwon ƙoda na mataki na uku har shekara uku, wasu aka ba su ƙwayar bakabonet da aka saba bayarwa don rage asid, wasu kuma aka ba su ganye da 'ya'yan itace, kuma sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna cewa abincin ya yi aikin da ƙwayar ta yi wajen rage asid da sassauta lalacewar ƙoda. A Romaniya ma an fitar da wani a 2016, inda aka ɗora masu ciwo mai nisa a kan abincin tsiro mai ƙarancin furotin ƙwarai tare da wasu ƙwayoyi na musamman masu cike giɓi, aka ga sun fi jinkirin kaiwa ga wanki, sai dai ƙwayoyin suna da tsada kuma tsarin yana buƙatar sa ido na kusa, don haka ba shi nake kira a kwaikwaya a gida ba. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne matsayar KDIGO, ƙungiyar ƙwararrun duniya da ke tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, wadda a ƙa'idojinta na 2024 ta ce a ƙarfafa wa masu ciwon gwiwa su fi cin abincin tsiro a kan na dabba, su rage abincin da aka sarrafa a masana'anta, su tsaya a kan kimanin giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinsu a rana, gishirinsu kuma kada ya kai giram 5. Takardar da aka ba kawuna ta saɓa wa wannan matsaya kusan layi bayan layi.

Yanzu sai maganar fotasiyam, wadda ita ce ainihin abin da ke sa likitoci tsoro, kuma tsoron nasu yana da tushe. Idan ƙoda ta gaza fitar da fotasiyam ya taru a jini, yana iya rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, sau da yawa ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Ayaba, dabino, dankalin turawa, doya, tumatirin gwangwani, alayyahu da ruwan kwakwa duk suna ɗauke da shi da yawa. Magungunan hawan jini da aka fi ba masu ciwon ƙoda domin kare ta, irin su lisinopril da losartan, su ma suna ɗaga shi. Likitan da ke ganin marasa lafiya sittin a yini, wanda ya san cewa da yawansu ba za su iya biyan kuɗin gwajin jini a kai a kai ba, yana ganin ya fi masa sauƙi ya hana kowa komai. Na fahimci uzurinsa, amma ban yarda da hukuncinsa ba. Yawancin waɗanda ke mataki na uku ƙodarsu tana iya fitar da fotasiyam, kuma idan ya hau, sau da yawa musabbabin magani ne, ko asid da ya taru, ko sukari da ya ƙi saituwa, ko taurin bayan gida, domin idan ƙoda ta raunana hanji ne ke taimaka mata wajen fitar da wani kaso. Wanda aka hana ganye da wake ya rasa harzar da ke sassauta ciki, sai bayan gida ya yi tauri, sai a toshe hanyar da ta rage. Ya kamata a faɗi kuma cewa binciken Tekzas ɗin da na ambata ya zaɓi mutanen da fotasiyam ɗinsu ba ya sama ne tun farko, saboda haka darasinsa shi ne a fara aunawa kafin a yanke hukunci, ko na hani ko na izini.

Ga wanda gwaji ya nuna nasa yana hawa, akwai dabarar da matan gida suka sani tun kafin a rubuta ta a littafin likitanci. Fotasiyam yana narkewa a ruwa. Idan aka fere doya ko dankali aka yanka ƙanana aka tafasa cikin ruwa mai yawa aka zubar da ruwan, kaso mai yawa ya tafi. Haka ake yi wa zogale da rama da tafasa kafin a yi kwaɗo, a dafa a tsiyaye a matse. Wake ma idan aka jiƙa shi ya kwana, aka zubar da ruwan, aka dafa a sabon ruwa, fotasiyam ɗinsa ya ragu, ya kuma nuna da wuri ba tare da kanwa ba. Kabeji, albasa, kokwamba da abarba suna cikin masu sauƙin fotasiyam. Wanda ya kamata a guje wa baki ɗaya shi ne gishirin da ake tallatawa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini, domin an maye wani ɓangare nasa da fotasiyam ne, kuma ga mai raunin ƙoda yana iya zama haɗari.

A ganina abin da ya lalata tukunyarmu ba wake ba ne, ba kuma kuka ko kuɓewa ba. Gishiri ne ta ƙofofi uku. Akwai wanda ake barbaɗawa da hannu, akwai dunƙulen da ya mamaye kowace miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne kuma a gidaje da yawa sai an jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, sannan akwai kanwa, wadda mutane da yawa ba su san cewa ita ma sodiyam ce, wato sinadarin da ke sa gishiri ɗaga hawan jini da tara ruwa a ƙafa. Ɗanwake, wake da shinkafa, miyar kuɓewa da kunun kanwa duk da ita ake yin su. Wani zai ce ai 'yar'uwar bakabonet ɗin da likita ke bayarwa ce, kuma haka ne, amma likita yana bayar da nasa ne a kan awo bayan ya ga jini, kanwar kasuwa kuwa ba a san ƙarfinta ba, ba a kuma san abin da ta kwaso daga ƙasar da aka haƙo ta ba. Giram 5 na gishiri bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma na yini guda ne gaba ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliyar leda da yajin tsire. Daddawa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, albasa da tsamiya suna iya riƙe ɗanɗanon miya, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, ko da yake makonnin farko sai an yi haƙuri da ƙorafin maigida.

Al'adarmu ta dubiya ma tana buƙatar gyara. A wurinmu nama shi ne karramawa, kuma idan mutum ya kwanta ciwo abin da ake kai masa shi ne farfesun kaza ko na kayan ciki, da madarar gwangwani da lemon kwalba, a ce ya ci ya mayar da jini. Niyyar mai kyau ce, amma ga mai ciwon ƙoda lissafin daban yake. Mutum mai kilo 60 furotin ɗinsa na yini bai kamata ya wuce kimanin giram 48 ba. Giram 100 na dafaffen naman sa, wanda bai fi tafin hannu ba, yana ɗauke da kusan giram 25, ya cinye rabin kason ke nan, alhali giram 100 na dafaffen wake bai wuce giram 8 ba, ƙwai ɗaya kuma kimanin giram 6. Kilishi ya fi duka, domin nama ne da aka busar ya tattaru wuri ɗaya, ga tunkuza ga gishiri. Babu mai cewa nama haramun ne ko guba, kuma ban ga dalilin da zai sa a hana dattijo ɗanɗana naman layyarsa ba. Maganar ita ce nama ya koma matsayin da yake da shi a gidajen kakanninmu, yanka ɗaya ko biyu a kan tuwon dawa, ba kwano guda ba. Wanda ya zaɓi barin kayan dabba kwata-kwata kuwa, sai ya san cewa bitamin B12 ba ya samuwa a tsiro, dole ya sha shi a ƙwaya.

Akwai ƙalubalen da aka taɓa jefa mini, kuma ya cancanci amsa. Aka ce talakan Arewa ai da ma a kan tuwo da miyar kuka ya rayu, nama sai ranar suna ko salla, amma ga shi Gashuwa da Nguru a Yobe, da Haɗeja a Jigawa, sun yi suna da yawan masu ciwon ƙoda. Ina amfanin abincin tsiron? Amsar ita ce abinci ba shi ne kaɗai ke kashe ƙoda ba, kuma ba shi ne zai tayar da wadda ta mutu ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan musabbabai, sai cututtukan da ke kumbura matatun ƙoda, da sikila, da shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac ba bisa ƙa'ida ba, da aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba. Abin da ke faruwa a kwarin Haɗeja da Yobe kuwa masu bincike na kan aikinsa. Sannan tuwo da ruwan miya mai gishiri, ba wake ba ganye isasshe, sunansa yunwa, kuma yunwa tana kashe mai ciwon ƙoda da sauri fiye da nama. Tsarin da nake magana a kai yana buƙatar mutum ya ƙoshi: gero, dawa, acca, masara, shinkafa, da man gyaɗa ko manja daidai misali domin ƙarfi, da wake ko awara ko ƙosai a kan awo domin gina jiki. Wanda aka riga aka fara yi wa wanki hukuncinsa ya sauya, domin na'urar tana ɗebe furotin daga jininsa, kuma yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo, ya fi na mai lafiya ma. Shi ne kuma ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan da fotasiyam da ruwa. Yara masu ciwon, da mata masu juna biyu, da tsofaffin da suka riga suka rame, su ma ba a rage musu furotin.

Wajibi ne kuma a raba wannan magana da kasuwar masu jiƙe-jiƙe. A Facebook da TikTok, da motocin da ke yawo da lasifika a kasuwanni, ana sayar da gari da sassaƙe da sunan wanke ƙoda, kuma masu sayarwar sun iya fakewa da cewa ai tsiro ne, tsiro kuwa ba ya cutarwa. Miyar zogale abinci ce. Cokali uku na garin zogale ko wani haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, safe da yamma, magani ne marar awo da aka ɗora wa ƙodar da ba ta iya fitar da shi. Duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a koma ganye, ya kamata a juya masa baya, musamman yanzu da aka samu magunguna irin su dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda manyan gwaje-gwaje na 2020 da 2022 suka tabbatar suna jinkirta lalacewar ƙoda. Abinci abokin tafiyarsu ne.

Abin da ya sa nake ganin wannan magana ta jama'a ce, ta wuce ɗakin girki, shi ne kuɗi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma dashe na masu hali ne ƙalilan. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa 12,000, kuma abin yabo ne. Sai dai wanki sau uku ake so a mako, naira 36,000 ke nan, fiye da 140,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ba a sa kuɗin mota da ƙarin jini da allurai ba. Kowace shekara da aka jinkirta wa mutum zuwa na'ura, gona ce ko gida da ba a sayar ba. Duk da haka kusan duk hankalin hukumomi yana kan sayen na'urori da buɗe cibiyoyin wanki, waɗanda ake yanke musu kintinkiri a ɗauki hoto, alhali ana buƙatar ɗaukar masanin tsara abinci a kowane babban asibiti, da sauƙaƙa kuɗin gwajin fotasiyam da na kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta kuma faɗaɗa shi a 2019, saboda haka an san abin da ke cikin gero da wake da kuka. Aikin da ya rage wa jami'o'inmu da ma'aikatun lafiya shi ne su mayar da waɗannan lambobi zuwa Hausa, da boko da ajami, a ma'aunin da mai girki ta sani, wato ludayi da gwangwani da malmalar tuwo, su kuma kai su gidajen rediyo, musamman gab da azumi, lokacin da ake buɗa baki da dabino da ayaba da kankana a zama ɗaya, kuma lokacin da ya kamata mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa ko jikinsa zai ɗauki azumin ma.

Kawuna bai warke ba, kuma likitansa bai taɓa yi masa alkawarin warkewa ba. Lambar tacewarsa tana sauka, amma a hankali, kuma ba zan iya rantsewa cewa wake ne ya riƙe ta ba, tunda yana shan maganinsa a kan lokaci, hawan jininsa kuma ya saitu. Abin da na gani da idona shi ne ƙibarsa ta dawo, kumburin ƙafarsa ya saɓe, kuma yana zama a ci tuwo tare da shi. Matarsa tana ɗebar masa miyarsa a ƙaramar tukunya kafin ta sa wa sauran gida dunƙule, tana jiƙa wakensa tun dare, kuma duk bayan wata uku ɗansa yana ɗaukarsa a babur zuwa ɗakin gwaji. A zuwansu na baya fotasiyam ɗin ya ɗan haura, sai likita ya dakatar da ayaba da dabino, ya bar masa wake da rama, ya ce su dawo bayan mako biyu a sake aunawa.